Dutsen Hasana Maginiya

Munzali na tsaye a tsakar gidan Inna Siddiƙa, takalmansa duk taɓo, ya sake faɗin abin da ya kawo shi. Mahaifinsa Malam Kalilu ya cika da hantsin nan, an kusa gama haƙa kabari, ana neman manyan tukwane uku na rufewa kafin azahar. Inna Siddiƙa ba ta ɗago daga kan yumɓun da take cuɗawa ba. Ta yi masa gaisuwa yadda ake yi, ta ce Allah ya jiƙan Malam. Sannan ta ce babu tukunyar da za ta fita daga gidan nan.

"Inna, ga su can a kife, ina ganinsu."

"Idonka ƙalau. Je ka kawo mini dutsen uwata, ka zo ka kwashe su har da randar da nake shan ruwa."

Munzali a Katsina yake aiki, bai san zancen wani dutse ba. Abin da ya sani shi ne mahaifinsa ya bar wasiyya kada a rufe shi da itace ko bulo. Tukwane yake so a fasa biyu a kifa masa, kamar yadda aka yi wa iyayensa. Ga shi damina ta yi nisa, ba mai gasa tukunya cikin wannan ruwa, kuma a wannan gefen na garin Dutsi Inna Siddiƙa ce kaɗai maginiyar da ta rage da gasassu a ajiye. Ta san da haka sarai.

Dutsen da take magana baƙi ne sumul, tsawonsa bai wuce tafin hannu ba, gefe ɗaya da baki kamar gatari. Uwarta Hasana da shi take goge tukunya kafin a gasa, har ta yi sheƙi kamar an shafa mata mai. Gatarin aradu take kiransa, wai tsawa ce ta jefo shi a gonar kakanta. Da Hasana ta rasu ba ta bar wa 'yarta ko ɗan kunne ba, sai shi.

Shekara goma sha ɗaya ke nan Malam Kalilu, maƙwabcin Siddiƙa na katanga ɗaya, ya gan shi a hannunta. Tun da ya bar koyarwa a firamare ba shi da aiki sai bin gonaki bayan an ɗauke ruwa, kansa a sunkuye, yana tsintar duwatsu. Ya ce ba tsawa ba ce, mutane ne suka sassaƙa su tun kafin a san ƙarfe, shekaru dubbai. Siddiƙa ta ce ko aljanu ne suka sassaƙa, nata dai nata ne. Ya roƙi aron kwana biyu, zai nuna wa wasu baƙi. Kwana biyun ne har yau. In ta tambaya ya ce gobe. In ta aika ya ce ana aunawa. Ta kai ƙara wajen mai unguwa, mai unguwa ya yi dariya ya ce ta tsinci wani a bakin rafi. Ta tsinta. Ta gwada tsakuwa, ta gwada gindin kwalba, ta gwada bayan cokali. Tukwanenta suka ci gaba da fitowa dusu-dusu kamar fuskar mara lafiya.

Amma ba aron ne kaɗai ke cin ta ba. Motoci ne da ke tsayawa a ƙofar Malam. Malaman jami'a da manyan riguna, ɗalibai mata da littattafai, har wani ɗan rediyo da ya zo ya kira shi masanin tarihi a gaban kowa. Masanin me? Duwatsun da ke cikin kabad ɗinsa, kashi ɗaya cikin uku ita ta tono su a ramin yumɓu da faratanta, ta miƙa masa ta kan katanga don ba ta ga amfaninsu ba. In baƙin sun zo, tulunta ake arowa don ruwansa ya fi sanyi. Su sha, su yaba ruwan, su ɗauki hoton dutse. Ba wanda ya taɓa tambayar wa ya gina tulun. Dutse yana kwance a kan auduga bayan gilashi, ita tana kwance a ɗakin da ke yoyo. Yanzu kuma ta ji a bakin mata cewa Malam ya yi wasiyya a kwashe duwatsun duka a kai jami'a, a rubuta sunansa a sama.

Da Munzali ya tsaya yana kallonta kamar wanda aka mara, ta wanke hannu, ta yafa mayafi, ta wuce shi.

Gidan rasuwa ya cika da mata. Ta ratsa su ba ta zauna ba, ta nufi ɗakin duwatsu. Rauda, babbar 'yar Malam, wadda ta yi jinyarsa wata biyu, ta taso ta bi ta, idanunta jawur. Siddiƙa ta ce ta buɗe kabad. Rauda ta buɗe ba musu.

Sun fi ɗari biyu, a jere, manya da ƙanana, kowane da lamba da aka rubuta masa da farin fenti, da 'yar takarda a gefensa. Siddiƙa ba ta iya karatu ba, ba ta kuma buƙata. Ta bi su da hannu ɗaya bayan ɗaya. Wannan ita ta tono shi shekarar da katangarta ta faɗi. Wancan mai tsaga ita ta ciro shi, har ya yanke ta a yatsa. Nata yana da ɗan kwarmi a gefe inda babban yatsan Hasana ya cinye shi. Ta kai ƙarshen layi na ƙasa, babu shi. Sai wani gurbi a kan audugar, da takarda ba dutse.

"Ya sayar ke nan," ta ce. "Ko ya ba masu mota."

Rauda ta fita. Daga ɗakin da ke kusa ana jin motsin masu wankan gawa da zubar ruwa. Jim kaɗan ta dawo da wani abu a ƙunshe cikin hular Malam, ta ɗora mata a hannu. Tun kafin Siddiƙa ta warware, yatsanta ya faɗa cikin kwarmin.

Rauda ta ce a ƙarƙashin matashinsa yake. Tun da zazzaɓin ya tsananta ya sa aka ciro masa shi, yana riƙewa yana murzawa, wai sanyinsa na yi masa daɗi. Ya sha faɗa mata cewa sauran duk matattu ne, tun da aka yar da su ba wanda ya sake aiki da su. Wannan kaɗai ne bai taɓa hutawa ba, daga hannun wanda ya sassaƙa shi har hannun Hasana, sai shi da ya kulle shi a kabad. Ya ce ya san zalunci ne, amma duk ranar da ya ɗauko zai mayar sai hannunsa ya ƙi.

Siddiƙa ta murza dutsen a tafin hannunta. Ashe har sanyin dutsen ma shi ya more.

"Shi ya sa ya aike ni wajenki shekaranjiya, Inna," in ji Rauda. "Da jiya ma. Ya ce ba zai ba kowa ya kawo miki ba, da hannunsa ya karɓa, da hannunsa zai mayar."

Siddiƙa ta tuna. Rauda ta zo har sau biyu ta ce Malam na son ganinta. Ita kuwa ta ɗauka yafiya zai nema da baki, irin ta masu shirin tafiya, a gaban mutane, yadda ba za ta iya cewa a'a ba, dutsen kuma ya bi motar jami'a. Ta ce a gaya masa ƙafarta na ciwo. Jiya da yamma tana jin tarinsa ta kan katanga, ta ci gaba da tankaɗen ƙasarta.

Ta nuna takardar da ke gurbin da haɓa, ta ce a karanta mata. Rauda ta ɗauka. An rubuta lamba arba'in da bakwai, an rubuta tsawo da nauyi. A ƙasa kuma: na Hasana maginiya ne, sannan na 'yarta Siddiƙa, kada a tafi da shi.

"Da ya faɗa wa ɗan rediyon," in ji Siddiƙa.

Ta tsaya jim a ƙofar ɗakin da ake wankan. An saki labule. Ta buɗe baki, matan tsakar gida suka yi tsit suna jira. Ba ta ɗaga murya ba.

"Malam, kai ma ba ka kyauta ba. Na yafe."

Ta koma gida. Munzali na nan inda ta bar shi, da mutum biyu daga maƙabarta. Ba ta bar su su zaɓa ba. Ta ƙwanƙwasa tukwanen ɗaya ɗaya da bayan yatsa tana saurare, ta ture biyu gefe ta ce suna da rauni, ta ware uku masu amo. Ta nuna musu inda za su sa bakin gatari don su rabu biyu daidai, kada su farfashe.

Bayan azahar ta ji sawun mutane ta bayan katanga, an wuce da makara. Unguwa ta yi shiru, hadari na haɗuwa ta gabas. Ta jawo wani tulu da ya sha iska, bai gama bushewa ba, ta ɗora a cinya. Ta tsoma dutsen a ruwa ta fara gogawa. Layi ɗaya ya fito a wuyan tulun yana sheƙi, da ɗan farin fenti a cikinsa. Ta tsaya ta duba. Gefen lambar Malam ya soma gogewa.

Ta juya dutsen, rubutun ya koma cikin tafin hannunta, ta ci gaba da ɗaya gefen.