Gemun Bube da Zomon Icce

Kare ya ɗauke zomon tun bai yi tsalle na biyu ba.

Bube masassaƙi, taubashina, shi ya ja muna. Cikin kasuwar Kebbe ya kama gemunsa ya rantse gaban jama'a: ranar bikin 'yancin kai zai kai zomon icce Tambuwal, ya yi tsalle kamar mai rai, in ko bai yi ba a aske masa gemu. Gemun ga tun aurensa na fari aska ba ta taɓa shi ba.

Ni maƙeri ne, sai ya kawo mini jidalin. Na ƙera gaɓoɓi, munka ɗaura robar tayar keke. Anka saki, abu ya daka tsalle ƙafa fuɗu lokaci guda.

Na ce, "Wanga kwaɗo ne."

Ya ce, "Kai dai ƙera, ɗan wuta. Mi ka sani ga zomo in ba cin namansa ba?"

Na ja shi gonar gero bayan ruwa, munka duƙa bisa sawu. Zomo ƙafafun gaba shika fara ajewa, ɗaya bayan ɗaya, sannan na baya su tsallake su, su sauka gabansu. Na sake gaɓoɓin har hannuna ya yi kanta. Daga ƙarshe zomon icce ya yi tsalle daidai. Wallahi har ƙugu shika ɗagawa.

Na ce a shafa masa toka da ƙaro ya yi launin zomo, a huta. Bube ya ce atafau, sai fatar zomo ta gaske. Ya samo wajen wani maharbi, ɗanya, ko jima ba a yi ba, ya ɗinka masa. Muna bisa jakai hanyar Tambuwal, ni nika toshe hanci, shi yana ta washe baki.

A filin Tambuwal jama'a sunka yi da'ira. Maharba sun zo da karnukansu, yadda suka saba duk wani taro. Bube ya aje zomo, ya saki zaren da ka riƙe robar. Tsalle guda, mai kyau. Wani jan kare ya ratsa ƙafafun mutane, ya cafke shi, ya faɗa cikin dawa.

Bube ya yi ta ihu, "Kun gani! Kare ma ya shaida!"

Lauwali wanzami, wanda da shi anka yi rantsuwar, ya ce, "Malam Bube, kare wari ya bi. Mu ƙura munka gani."

Bube ya juyo gare ni. "Taubashi, faɗa musu."

Na faɗa. Sunka ce shaidar wanda ya ƙera ba ta ci.

Nan gindin tsamiya Lauwali ya jiƙa wa Bube gemu, ya sa aska. Da munka isa Kebbe, matar Bube, Madina, ta gan shi ba gemu, sai da ta tambayi baƙon wa yake nema.