Rodi Shida a Tagar Jatau

Sara na uku da Manu ya kai wa rodin tagar, ƙotar gatarin ta tsage, ruwan gatarin ya yi tsalle ya faɗa cikin kwata. Rodin ko lanƙwasa bai yi ba. Daga cikin ɗakin maƙwabcinsa Jatau yana tari kamar ƙirjinsa zai fashe, baƙin hayaƙi na tuɗaɗowa ta saman kansa.

"Ƙohwa hwa?" Manu ya ɗaga murya. "Buɗe ƙohwa mana!"

"Sakata ta cije," in ji Jatau. "Ƙarhen ya yi ja, ba ya taɓuwa."

Ana idar da sallar la'asar 'yan bindiga suka shigo ƙauyen nasu da ke bayan Faru, babura sun fi ashirin, kowane da goyon biyu. Mutane suka watse cikin dawa. Jatau ba ya iya gudu, ƙafarsa a ɗaure take tun da sa ya taka shi a gona. Sai ya tura matarsa Barira da yara suka bi jama'a, shi kuma ya ja jiki ya shige sabon ɗakinsa na bulo, ya danna sakata. 'Yan bindigar suka daki ƙofar, suka harbe ta, ba ta buɗu ba. Da haushi ya kama su sai suka jibga kara da tsoffin tayoyi a bakinta, suka zazzaga fetur, suka ƙyasta. Suka kora shanun gari suka yi yamma.

Manu ne ya fara fitowa daga dawa. Shi ne kuma ya zaɓa wa Jatau tagar nan tun farko.

Wata biyu da suka wuce, ranar kasuwa, ya raka Jatau wurin mai walda a Talata Mafara. Barira ta ce ita taga mai faɗi take so, ta katako mai murfi biyu, ta rataya labulen da ƙanwarta ta aiko mata daga Bakura. Jatau kuwa gilashi ya burge shi, ya tsaya yana shafa wani mai duhu-duhu.

"Gilashi, wanga zamani?" Manu ya ce masa. "Gindin bindiga ɗaya, sun shigo maka. Sa a yi maka ta ƙarhe, a gitta rodi mai kauri, ko kan jinjiri kada ya wuce."

Jatau ya yi dariya ya ce, "To, yaya Manu, kai ka san duniya." Aka yi rodi shida. Ranar kafawa Manu da kansa ya kwaɓa siminti, ya ce a ƙara nutsa bakin ƙarfen cikin bango.

Yanzu ya jefar da ƙotar, ya kama rodin da hannu yana jijjiga. Zafi ya ratsa tafinsa, bai saki ba.

"Ɗanlami! Kawo diga! Ku kawo diga, ku kawo ruwa!"

Ɗanlami mai gini ya iso a guje da diga, wasu maza biyu na biye da bokitai. Suka watsa wa ƙofar ruwa, tayoyin suka yi cuu, wutar ta ƙara tashi. Ɗanlami ya shiga sarar bango ta ƙasan taga. Bulon na ɓarewa kaɗan-kaɗan, simintin ya kama kamar dutse.

Jatau ya manna fuska a rodi yana neman iska. Idanunsa sun kaɗa, gemunsa ya fara ƙauri.

"Barira ta tsira? Ɗiyan hwa?"

"Duk suna lahiya. Na gan su da idona. Duƙa ƙasa, Jatau, yanzu muna hudawa!"

"Ba ku cim mani." Ya zuro hannu ta tsakanin rodi biyu, iyakar gwiwar hannu ya tsaya. "Riƙe ni dai."

Manu ya riƙe. Silin ya fara zubowa da wuta a bayan Jatau, katifa ta kama. Jatau ya yi ƙara sau ɗaya, ƙarar da Manu bai taɓa jin irinta a bakin mutum ba, sannan ya koma kalmar shahada, Manu na tayawa da ƙarfi, digar na ta sauka. Yatsun suka matse nasa, suka matse, suka saki.

Sai gab da magariba bangon ya hudu. Suka jawo shi ta ramin, suka lulluɓe shi da zanen wata tsohuwa tun kafin Barira ta ƙaraso.

Washegari da hantsi aka kai su makwanci, shi da wasu mutum huɗu da 'yan bindigar suka kashe. Manu bai iya riƙe makara ba, fatar tafinsa ta saɓule duka biyu. Babu wanda ya yi masa maganar tagar, har Barira, wadda da ya shiga gaisuwa ta ce masa kawai, "An ce kai ka riƙe shi. Allah shi saka."

Da azahar ya zauna a bakin rijiyar gidansa, ya kai hannu ga buta ya kasa ɗauka. Matarsa Taibatu ta ajiye tsintsiya, ta zo ta tsuguna a gabansa. Ta karkata butar a hankali, ruwan na bin yatsunsa yana ɗiga cikin ƙasa.