Gyaran da Aka Yi wa Jitar Odell

Tun kafin Odell Tackett ya gama buɗe akwatin ya san an taɓa masa kaya. Ƙamshin man goge ƙarfe ne ya fara dukan hancinsa, alhali jitarsa warin baƙin mai take yi.

Ranar Alhamis ce da la'asar, a zauren rawa na bayan garin Sweetwater inda ƙungiyarsu ta makaɗa ke gwaji. Asabar za su fito a talabijin karo na farko, kuma an ce in sun burge, kowace Asabar tasu ce. Kujerar bayan jitar nan ita kaɗai ce aikin da ya rage wa Odell tun da bututun rijiyar mai ya datse masa ƙafar hagu daga ƙasan gwiwa.

Jita ce irin ta kwance, mai ƙafa huɗu kamar ƙaramin tebur. Hannu yana jan guntun ƙarfe a kan wayoyin, ƙafar hagu tana taka feda ta ja waya, sai sauti ya lanƙwashe. Ƙafar hagu fa, kowa da kowa, daga nan har Nashville, cibiyar irin wannan kiɗa. Ƙafar katakon da aka sa masa kuwa ba ta jin feda. Shi ya sa Odell ya yi wata takwas rigingine a gareji, tsatsa na zuba masa a ido, har ya mayar da aikin ƙafa zuwa gwiwoyi. Ya haɗa da hinjin ƙofar kicin, da wayoyin ƙafar keke, da sandar totur ta wata matacciyar tarakta. Mummuna ce, babu musu. Amma in ya matsa gwiwa, matan aure sukan daina tauna su saurara.

Yanzu ya kifa ta a kan tebur, ya ga babu ko ɗaya. An kwashe tas. Sai wasu sanduna sababbi masu ƙyalli, da feda uku a jere a gefen hagu.

Harlan Boyce, mawaƙinsu kuma shugaban ƙungiya, wanda kaya ke kwana a a-kori-kurarsa, yana tsaye yana washe baki, hannu a aljihu.

"To, ka yi shiru. Ba ka ga amarya ba?"

"Wa ya taɓa ta?"

"Ni na kai ta shagon kayan kiɗa a Abilene. Mutanen talabijin sun ce za a hasko har ƙasa. Mai gyaran ma da ya leƙa sai da ya zauna don dariya, ya ce wane maƙerin kaji ne ya yi wannan ta'asa."

"Ina ƙarafana?"

"Wane ƙarafa? Tarkacen nan? Motar shara ta kwashe tun Talata."

Odell ya zuba wa Harlan ido. Bai taɓa jin yana son dukan mutum haka ba, ko direban injin da ya saki bututun bai ji masa wannan ba. Kowace waya a cikin tarkacen nan ya lanƙwasa ta sau goma, ashirin, har ta san faɗin gwiwarsa. Bai rubuta awo ko ɗaya a takarda ba, don kada wani makaɗi ya sace masa.

"Harlan, da za ka aske gemun ubanka yana barci, ka ce gyara ka yi masa?"

"Haba mutumina, abin arziki na yi maka. Irin wadda manya ke kaɗawa ce. Zauna ka taɓa mana, ka daina kumburi."

Odell ya zauna. Da gangan ya zauna, don yana so su ji da kunnensu. Mai goge ya ja, mai ganga ya shiga, Harlan ya buɗe baki ya fara waƙa. Da aka zo gaɓar da jita ke amsawa, gwiwoyin Odell suka matsa da kansu, suka tarar da iska. Ya ɗaga ƙafar katakon ya dangwara a kan feda. Takalmin ya danne biyu a lokaci ɗaya, ya zame, jitar ta yi wani kuka kamar an taka wutsiyar kare.

Kowa ya tsaya. Harlan ya dubi fedar, ya dubi takalmin, fuskarsa ta sauka a hankali.

"Ya Allahna," ya ce ƙasa-ƙasa. "Ƙafar."

"Ƙafar. Sannu da zuwa."

"Odell, na rantse maka na manta. Shekara shida ina jin ka a bayana, ko sau ɗaya ban tuna ba."

Abin haushin shi ne gaskiya yake faɗi. Odell ya duba idonsa yana neman mugunta, ko kaɗan ce, wadda zai kama ya yi faɗa da ita. Bai samu ba. Wauta ce zalla, da kyakkyawar niyya.

"Kwana biyu za su ishe ka ka mayar?" mai goge ya tambaya.

"Wata takwas na yi, Virgil. Kai lissafa."

Harlan ya cire hula ya sosa ƙeya. Mutum ne da ba ya iya barin bakinsa ya huta, ko da rami ne a gabansa.

"Akwai wani a Abilene, Doyle Meeks, hannunsa ba laifi. Ba shi da jita mai feda dai. Na wannan Asabar ɗin kawai nake nufi. Tunda yanzu taka kowa zai iya hawa..."

"Kowa. Ban da mai ita."

"Ba haka nake nufi ba."

"Ka nemo wa Doyle ɗinka tasa. Tawa ba ta kwana a motarka kuma."

Ya kwance ƙafafun jitar ɗaya bayan ɗaya, ya jera a akwati ya rufe. Ya san Asabar za a yi ba shi, ya kuma san wanda ya zauna a kujerar ranar farko shi zai ci gaba da zama.

Akwatin ya kai nauyin buhun siminti. Shekara shida yana jan sa shi kaɗai a matakalar zauren nan, suna wuce shi suna zolayarsa da tsoho mai nawa, babu wanda ya taɓa miƙo hannu. Yau kuwa yana ɗaga shi mai ganga ya zabura ya janye kujeru daga hanya. Virgil ya ruga ya riƙe ƙofa. Da ya kai bakin matakala, sai ya ji hannun Harlan ya tallafo masa gwiwar hannu a hankali.

"Bi sannu, Odell," in ji Harlan. "Akwai tsayi."