Ƙafafun Teburin Babana

"Ba zan shiga ba sai ya amsa mini," in ji Malama, ta ƙanƙame ƙofar motar.

Ni take nufi. Mijinta ne ya ƙwala mini kira ta katanga in zo mu kama ta a kai ta asibiti, numfashinta na fita kamar ana jan zarto a ɗanyen katako. Aikinta bin shago-shago tana nema wa ɗalibanta kurame da guragu wurin sana'a idan sun gama makaranta. Wani gurgu take so in ɗauka, Direba suke ce masa saboda gudun da yake shararawa da kekensa. Tun farko na ce a'a.

"Malama, ki shiga mota. Teburin aikina ya kai masa wuya. Da haɓa zai riƙe zarto?"

"Ka rage ƙafafun."

"Teburin babana?"

"Babanka ya gama da shi."

Mijin ya matso kunnena. "Don girman Allah, Kafinta, ka ce to kawai!"

Ni ban iya to ɗin ƙarya ba. Leɓenta ya fara canja launi, hannun kuwa bai saki ba.

"Ya zo in gani," na ce. "Ban yi alkawari ba."

Ta daɗe tana kallona, sannan yatsun suka sake.

Washegari na tarar da Direba a ƙofar shago.

"Baba, ina kwana? Ina ake ajiye mota?"

"Surutu ka zo yi?"

Na ja layi a katako, na miƙa masa zarto. Ya ɗaga hannuwa sama kamar mai shanya. Ja na farko zarton ya zame, ya wuce gefen babban yatsansa, jini ya tsatso. Ya tsotse ya ci gaba. Layi na gabas, yanka na yamma. Gumi ya jiƙa masa riga.

Wayata ta yi ƙara. Mijin Malama ne. Daga sallamarsa na gane Malama ta rasu.

Na kashe, na ce inna lillahi. Direba ya ajiye zarton a hankali. Ya san yanzu babu mai zuwa ta tsare mini ƙofa saboda shi. Ya juya keken.

"To, Baba. Na gode."

"Ina za ka? Ba su taso da gawar daga asibiti ba tukuna. Zo ka danne mini nan."

Muka kwantar da teburin a gefensa, na kama yanke ƙafafun. Katakon ya tsufa ya yi tauri, zarto na kuka, shi yana danne da ƙirjinsa, hawaye na ɗiga a kan garin katako.

Da na tayar da teburin, ya gangaro ya ɗora gwiwoyin hannunsa a kai. Guntayen ƙafafun na nan yashe a ƙasa, babu wanda ya ɗauka.