Tukunyar Gas Mai Ɗigo Uku

Tun daga bakin ƙofar kicin na san ba tawa ba ce. Sabuwa fil, shuɗiya, sai ƙyalli take yi a gefen murhu. Tawa ruwan toka ce, fentinta duk ya kakkarce, gefe guda ya lotsa, a wuyanta kuma akwai ɗigo uku na jan farce. Inna ce ta ɗiga su da hannunta, tun muna gidan haya mai ɗaki tara, don kada maƙwabta su ɗauke mata cikakkiya su bar mata wofi. Da ta rasu, Yaya ta ɗauki keken ɗinki, autarmu ta kwashe tufafi, ni kuwa na ce a bar mini tukunyar gas. Har dariya suka yi mini. Shekara shida ke nan da ita nake girki.

"Baban yara, ina tukunyata?"

Yana falo yana kwance igiyar takalmi, ko ɗagowa bai yi ba. "Ga ta nan a kicin, cike dam."

"Wannan ba tawa ba ce."

"Ai gas gas ne. Musaya ake yi yanzu, ka ba da wofi a ba ka cikakkiya. Kin ma yi sa'a, sabuwa aka ba ni."

Wai sa'a. Shekara shida ni nake kai ta da kaina, in tsaya a kan mai gas har ya gama ɗurawa, in ɗauko abata. Rana ɗaya tak ciwon baya ya kwantar da ni na aiki mutumin nan, shi ne ya je ya yi mini wannan aika-aika. Dama ya daɗe da sa mata ido. Kullum ya shigo kicin sai ya ja hanci ya ce yana jin warin gas. Sau uku ya canza tiyo. Ni kuwa na gaya masa haka kicin ɗin Inna yake tun ina yarinya, haka kowane kicin mai gas yake, in hancinsa ya fi na kowa ya tsaya a falo.

Bayana yana sara haka na zari mayafi na nufi shagon gas. Mai gas yana zaune kusa da sikeli, tawul a wuya. Da ya hango ni sai ya tsiri gyara tiyon da ba abin da ya same shi.

"Hajiya, ya bayan?"

"Bar zancen baya. Ina tukunyar da maigidana ya kawo?"

"Motar kamfani ta kwashe duk na wofi ɗazu. Sai dai in ta dawo da kaya ki duba."

Kwana uku ina sintiri. Mota na tsayawa ina tsaye, ina juya tukwane ɗaya bayan ɗaya ina leƙa wuyansu, masu sauke kaya suna kallona kamar wadda ta zautu. Har ta mai shayin bakin titi sai da na durƙusa na duba. Na shiga kicin ɗin maƙwabciya wai aron ashana, alhali wuyan tukunyarta nake son gani. A gida kuwa ban kunna sabuwar ba. Tsohon risho na zaƙulo daga ƙarƙashin gado, hayaƙi ya baƙanta mini tukwane, yara suna ta ƙorafin shinkafa tana warin kananzir. Baban yara kuwa ya cinye nasa tas, wannan ya fi komai ƙona mini rai.

Rana ta huɗu mai gas ya gaji da ni. Ya sauke tawul ya ce, "Hajiya, don Allah ki zauna."

"Ba zama ya kawo ni ba."

"To, ba ta hau mota ba. Ni da maigidanki muka shafa mata ruwan sabulu a gindi, sai kumfa ta ko'ina. Yoyo take yi. Sau nawa na gaya miki ta tsufa, kika ce so nake in sayar miki da sabuwa? Shi ya roƙe ni kada in bari ta koma gidanku."

Sai na ji kunnuwana sun yi zafi. Wato su biyu suka haɗa baki, suka bar ni ina yawo a rana ina leƙa wuyan tukwanen mutane.

"Tana ina?"

Ya nuna mini rumfar mai walda a tsallaken titi.

Na same ta a ƙasa, a rabe biyu. Mai walda ya ce sai da ya cire kan, ya cika ta da ruwa ta kwana kafin ya yarda ya sa mata injin yanka. Na buɗe baki zan wanke shi tas, sai ya ɗauko rabin ƙasan ya miƙo mini.

"Taɓa nan, Hajiya."

Na danna da ɗan yatsa. Ƙarfen ya burma kamar ɓawon ƙwai, tsatsa ta zubo mini a ƙafa. A kan wannan abin nake kunna wuta safe da yamma, yara suna zaune a ƙasa gefensa suna jiran abinci. Na ce ya yanko mini zoben saman, inda ɗigon suke. Ya yanko, ya goge bakin don kada ya yanke ni.

Da na koma gida Baban yara yana ƙofar kicin. Ya dubi zoben da ke hannuna, na dube shi.

"Ai da sai ka gaya mini gaskiya."

"Da kin saurara?"

Na wuce shi na shiga kicin, don har yanzu haushinsa nake ji, kuma na fi jin haushi da ya kasance shi ke da gaskiya. Na rataye zoben a ƙusar da ke saman murhu. Na janye risho gefe da ƙafa, na ɗaura tiyo a sabuwar, na murɗa, na ƙyasta ashana. Wuta ta kama shuɗiya, ba ko tari.

Na tsaya na ja numfashi, na sake ja. Kicin ɗin ba ya warin komai. Shekara shida duk safiya in na buɗe ƙofar nan sai in ji kamar Inna ta riga ni shigowa, ashe yoyon gas nake shaƙa. Yanzu shi ma babu.

Baban yara ya ce, "Kuka kike yi?"

"Albasa ce," na ce masa.

Ya dubi albasar tana nan cikin kwando ko ɓawonta ban cire ba, sai ya ja mini ƙofar a hankali ya koma falo.