Gishirin da Ya Ƙi Daskarewa

Tun Auta tana ƙarama take jin labarin gishirin da ya kori Baba daga ɗakin bincike. Yana saurayi aka ba shi aikin haɗa wani gishiri, ba irin na miya ba, na masu nazarin sinadarai. A wancan zamanin, gishiri in ya haɗu dole ya fito ƙwaya-ƙwaya. Nasa kuwa sai ya kwanta a gindin kwalba kamar mai. Ya sa a firji, ya kankare gilashin da sanda, ƙememe ya ƙi daskarewa. Ya yi ta zubarwa har ya gaji, ya yanke wa kansa hukuncin cewa hannunsa ne ba kyau, ya koma koyarwa. Ya tsufa yana ba da labarin da dariya, dariyar da kullum take sosa wa Auta rai.

Ita ma sinadaran ta karanta, ta kuma san abin da bai sani ba. So take ya gani da idonsa, amma tsohon nan da taurin kai ko ƙofar ginin da take bincike ba ya bi. Sai ta shirga masa ƙarya, wai motarta ta mutu, ya zo ya ɗauke ta.

Ya shigo yana mita. Ta ce, "Baba, miƙo mini kwalbar can."

Ya ɗauka, ya karkata ta. Ruwa mai kauri ya gangara a hankali. Tausayi ya kama shi.

"Ke ma ya ƙi miki? To, hannuna kika gada."

"Naka ne, Baba. Shi ɗin dai, na sake haɗa shi. Haka halittarsa take, gishiri ne amma ruwa. Ƙwayoyinsa manya ne karkatattu, ba sa jeruwa, kamar tukwanen da ba sa shiga juna. Ga shi ba ya bin iska, shi ya sa muke narka abubuwa a cikinsa. Yanzu rububinsa ake yi."

Auta ta tsorata, ko tsohon ciwo ta fama masa.

"Ke nan wanda na riƙa zubarwa..."

"Daidai ka yi tun ranar farko."

Ya ajiye kwalbar, ya juya hannuwansa yana kallo, idonsa ya cika. Can ya gyara murya.

"Maƙaryaciya, motarki lafiya lau. Akwai farar rigar bincike da za ta shige ni?"