Kwanon Zaure

"Wa ka ba tsohon ga abinci?" malamar asibiti ta tambaya, tana rataye ledar ƙarin ruwa.

"Ni ta," in ji Adawiyya. "Uban mijina na."

"To ba zazzaɓi na ba. Yunwa tak kada shi."

Matan da ke jinya a gadon kusa suka juyo suka auna ta da ido daga sama har ƙasa. Ɗaya daga cikinsu 'yar Maikujera ce, ƙauyensu. Ke nan kafin Adawiyya ta baro Rabah labari ya riga ta isa gida: mijinta Almustapha ya tafi kudu fataucin albasa, ya bar mata amanar mahaifinsa, ta horar da tsoho da yunwa.

Ita! Ita da tun farkon damina take ƙara awo har rumbu ya fara nuna gindi, kullum kwanon zaure yana dawo mata a suɗe tas. Ta dubi surukin nata, Malam Isa, a kwance, wuya duk jijiya. Sai a lokacin lissafin ya zo mata, domin ba shi kaɗai ke sa hannu a kwanon nan ba. Ranta ya ɓaci. Ta bar shi da ƙanwarsa, ta tare ɗan kabukabu.

A bayan gida ta tarar da Mujaheed, ƙanin mijinta, yana ɗaga gwangwanayen da ya cika da siminti ya soke da bututun ƙarfe. Aikin gadi yake nema a Sakkwato, inda aka ce sai mai ƙirji ake ɗauka. Ƙirjin kuwa ya samu, har riga ta daina shigarsa.

"Aje abin ga!"

"Yaya Adawiyya, ina jikin Baba?"

"Jikin Baba ga shi nan wuyanka! Ga shi nan damtsenka! Yunwa anka ce, Mujaheed. Gidan da ni ka tuƙa tuwo!"

Ya dire ƙarfen, fuska a murtuke. "Ni mi niy yi? Mai koyarwa cikin waya cewa yay yi, mai son tsoka sai ya ci hiye da abin da jiki ka ƙonewa. Ban taɓa hizge loma hannunai ba. Shi ka tsame hannu ya ce ya ƙoshi, in cinye."

"Shi mutumen wayar, kwano guda shika ci da ubanai? Tsoho ba haƙori, kahin ya tauna loma guda ka kai biyar. Yaushe ka taɓa jin uba ya ce ma ɗanai bai ƙoshi ba? Ido gare ka ko ado?"

Mujaheed ya ja da baya. Ya zauna a kan gwangwani ɗaya.

Da la'asar aka sallamo Malam Isa. Bayan magariba Adawiyya ta zuba tuwon dawa da miyar kuka a kwano biyu, ta miƙa zaure, ta laɓe jikin zana.

"Mi na na wanga?" Muryar tsohon ta fito da ƙarfin da ba ta zata ba. "Kwano biyu gidana? Hwaɗa munka yi da ɗana, ko kuturu nik koma?"

Ta ji ƙarar kwano, ta leƙa. Ya juye nasa cikin na Mujaheed. Saurayin ya kai loma ɗaya ya janye hannu, kansa a ƙasa. Malam Isa ya hasala.

"Ci! Don maganar mata zaka lalata neman aikinka? In ba ka ci ba ni ma na bari."

Ya kuwa naɗe hannu. Suka zauna kamar masu zaman makoki, tuwo yana hucewa a tsakaninsu.

Tun da aka kawo Adawiyya gidan nan ba ta taɓa haɗa ido da surukinta ba. Daga bayan zana take gaishe shi a durƙushe, ko sunansa ba ta iya faɗa. Amma yau haushi ya fi kunya yawa. Ta ɗauki ludayi ta faɗa zauren, ta zauna daram a bakin tabarmar maza, ta tsaga tuwon gida biyu.

"Wanga gehe naka na, Baba. Ba ni tashi sai ya ƙare."

"Subhanallahi! Ɗiyar ga, kin san inda kike? In wani ya yi sallama hwa?"

"Ya shigo ya gani. An riga an yi da ni asibiti."

Malam Isa ya dubi ƙofar waje, ya dubi Mujaheed, ya dubi rufi. Ba ta motsa ba. Daga masallaci ana jin takun mutane suna dawowa, wasu kuma sukan biyo su gaishe shi. Ya ja kwanon gabansa da sauri, ya kawar da fuska, ya shiga kai loma yana mita, don dai matar nan ta fice masa daga zaure. Har miyar ya suɗe.

"To tashi!"

Adawiyya ta ɗauki ludayinta ta miƙe.

"Sai da sahe, Baba. Da kunu zan zo."